Desmond Cartlidge da Gidajen da Bai Duba Ba

A garin Burslem, in mutum ya manyanta kuma gidan da yake ciki sayensa ya yi, da wuya a ce ƙafar Desmond Cartlidge ba ta taka ofishin ƙaramar hukuma saboda shi ba. Sana'arsa ke nan, binciken gida kafin a saya. Lauyan mai saye zai kira shi, shi kuma ya je ya tono abin da hukuma ta rubuta a kan gidan: ko akwai titin da ake shirin fasawa ta bayansa, ko ɗakin da aka ƙara da izini aka ƙara shi, ko kuwa ƙarƙashinsa tsohon ramin haƙar kwal ne. Ya rubuta rahoto ya sa hannu, sannan banki ya yarda ya ba da rance.

Ubansa a masana'antar tangaran ya yi aiki har ƙirjinsa ya gaza, ya kuwa rantse ɗansa ba zai shaƙi ƙurar yumɓu ba. Da Desmond ya gama makaranta sai aka samo masa aikin ɗan aike a ofishin wani lauya. Sauran 'yan aike in an tura su ƙaramar hukuma sai su ɓata rai kamar an aike su gidan makoki. Shi kuwa in ya je sai an tashi rufe ƙofa ake fito da shi. Yana son warin tsoffin taswirori. Yana son ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce, nan da ramin haƙar yumɓu ne, aka cike shi aka yi gini a kai. Kafin ya auri Glenys har ya buɗe ofishinsa a saman shagon wani mai aski, daga teburi sai butar shayi.

Da sana'ar ta yi kasuwa, sai ta cika da masu rubuta rahoto ba tare da sun tashi daga kujera ba. Sunan kowa ya fara ɓaci. Shi ne masu sana'ar suka haɗu suka tsara wa kansu ƙa'idoji. Ba doka ba ce, ba wanda aka tilasta wa. Wanda ya ga dama ya shiga ƙungiya, ya yi alkawarin zai duba kowane gida da gaske, zai riƙe inshora, zai saurari ƙorafi, zai kuma yarda a riƙa turo mai duba aiki ya bincike shi. In ya yarda, a ba shi tambari ya riƙa bugawa a rahotonsa.

Desmond ne na farko da ya shiga a yankinsu. Bai tsaya nan ba, ofis-ofis ya bi yana jawo abokan sana'a, mai gardama ya zauna masa har sai ya gaji ya sa hannu. A wani taro ya miƙe ya ce duk wanda ya sa hannu a kan gidan da bai duba ba, ɓarawo ne, bambancinsa da mai haura katanga kwat kawai. Aka yi ta tafi. Maganar ta daɗe tana yawo a bakin mutane.

A ƙarƙashinsa Yvonne Brassington ta koyi aiki. Ya taɓa mayar da ita ƙaramar hukuma cikin ruwan sama don ya gano a waya ta tambayo wani abu maimakon ta gani da idonta. Ta tafi tana kuka, ta dawo jiƙe sharkaf da amsar da ta kawo da farko. Ya ce, "Yanzu kin sani. Ɗazu ji kika yi." Bayan shekaru ta buɗe nata kamfanin a garin Hanley da ke kusa. Ya yi mata fushin mako guda, sannan ya aika mata da butar shayi.

Gwiwarsa ta hagu ce ta fara ciwo. Hawan bene ya zama aiki, tsayuwa a layi ta zama azaba. Ga shi kuma an koma sai ka nemi ranar zuwa ofishin hukumar ta kwamfuta, shi da kwamfuta kuwa ba sa ga maciji. Wata rana aka kawo masa wani gida a layin da ya yi wa bincike ya fi a ƙirga. Ana sanyi, gwiwa ta kumbura. Ya jawo tsohon rahoton gidan da ke maƙwabtaka, ya duba, ya ce a ransa, me zai canza a layin nan? Ya kwafe, ya buga tambari, ya sa hannu. Ba abin da ya faru. Aka sayi gida, aka tare.

Na biyu bai yi masa wuya kamar na farko ba. Kafin a jima ya daina zuwa gaba ɗaya. In gida yana unguwar da ya sani, ya rubuta daga ka da tsoffin takardu. In bai san unguwar ba, ya ce wa lauya aiki ya yi masa yawa.

Mai duba aikin da ƙungiya ta turo a shekarar wata mace ce mai sanyin murya, Misis Aldridge. Ta sha shayinsa, ta yaba tsohuwar taswirar da ke bango, sannan ta ɗauki rahoto ɗaya.

Ta ce, "Wannan na layin bayan coci, Mista Cartlidge. Ba ni labarin yadda ka yi shi."

Ya ce, "Kamar kullum. Na je, na hau bene na biyu, na karɓi kundin gidan, na duba."

"Bene na biyu na tsohon ginin?"

"To, wane gini kuma?"

Ta ajiye kofin a hankali. "Tun bara aka kwashe kundayen daga can. Ginin a rufe yake yanzu, har an kewaye shi da langa-langa."

Daga ƙasa yana jin ƙarar injin aski da dariyar wani. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi, amma matar nan sai ta sunkuyar da kai, kamar ita aka kama. Ta ce ba ta zo don ta tozarta shi ba. Za a ba shi lokaci ya gyara: ya sake binciken gidajen nan da gaske, ya sanar da lauyoyin da ya yi wa aikin, in ya so a ci gaba.

Sanar da lauyoyin ne ya tsaya masa a maƙogwaro. Mutanen da suke miƙewa in ya shigo? Ya kwana biyu yana juya abin, sannan ya aika wa ƙungiya cewa ya fita. Ai dama shigar ganin dama ce, fitar ma haka.

A mashaya ya ce ƙungiyar ta lalace, manyan kamfanoni sun cinye ta, ba abin da suka sani sai takardu. A gida ma haka ya gaya wa Glenys. Da ya maimaita labarin sau da yawa har ya fara yi masa daɗin faɗa, yana ƙara masa gishiri. Aiki kuwa ya yi ta janyewa, don yawancin bankuna ba sa karɓar rahoton da ba tambari. Duk da haka kullum da safe zai sa kwat, ya ɗauki jaka, ya sumbaci matarsa ya fita. Ya hau benen nan da ƙyar, ya zauna yana kallon wayar da ba ta ƙara.

Ana nan sai 'yarsa Bryony, malamar makarantar firamare, ita da mijinta Owen suka samu gidan da suke so. Ranar Lahadi suka zo cin abincin rana, an jera gasasshen nama da dankali, Bryony ta kasa haƙuri har a gama zubawa.

Ta ce, "Na gaya wa lauyar kada ta wahalar da kanta. Na ce mata babana ne Desmond Cartlidge. Da ka ga yadda ta gyara zama!"

Owen ya ce, "Ni ma har daraja ta ƙaru mini. Da ko kallona ba ta yi."

Glenys ta ce, "Sai ku biya shi kamar kowa, kada ku ga ubanku ne."

Aka yi dariya. Bryony ta kama hannunsa ta ce, "Za ka yi mana, ko Baba?"

Ya ce, "In ban yi miki ba, wa zan yi wa?" Naman nan bai san ɗanɗanonsa ba har aka kwashe kwanuka.

Ya kuwa yi binciken. Ya roƙi mai askin ya nemo masa rana a kwamfuta, ya ɗauki sanda, ya hau bas ya je sabon ginin hukumar, inda sai da ya tambayi mai gadi wace ƙofa ake bi. Ya duba komai, ya sake dubawa. Ya je layin da kansa ya zagaya gidan, har magudanar ruwa ya leƙa. Tun da ya fara sana'ar bai taɓa aiki mai kyan wannan ba. Amma da rahoton ya isa, sakataren lauyar ya kira shi cikin ladabi ya ce banki na son mai tambari, ko an manta ba a buga ba ne?

Desmond ya ce, "Zan duba."

Washegari ya tafi Hanley. Ofishin Yvonne fes, ga ma'aikata kowa da kwamfutarsa. Tana ganinsa ta taso da murna.

"Maigida da kansa! Yau za a yi ruwa da ƙanƙara. Shigo, shigo. Har yanzu sukari cokali biyu, ko likita ya hana?"

"Ya hana, amma zuba."

Suka shiga ɗakinta ta rufe ƙofa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi yaranta, ya yi maganar gwiwa. Daga ƙarshe ya ciro rahoton ya tura mata.

Ya ce, "Gidan Bryony ne. Na yi shi tsaf, ba abin da na bari. Tambari kawai banki ke so. Ki buga naki ki sa hannu, shi ke nan. Kin san aikina."

Yvonne ba ta taɓa takardar ba.

Ta ce, "Na san aikinka. Na kuma yarda wannan ka yi shi da gaske. Amma ban je ba, Maigida. Yaya zan sa hannu?"

"Haba yarinya, ni ne fa."

"Don kai ne ma ya fi yi mini ciwo."

Ya ji ransa ya ɓaci, sai ya kama tsohon karatunsa: ai ƙungiyar nan ba komai ba ce yanzu sai takardu, shi ya sa ma ya bar musu kayansu.

Ta ɗaga hannu. "Don Allah kada ka ba ni wannan labarin. Ni kam kada ka ba ni."

"Wane labari?"

"Kowa ya sani, Des. Ba Misis Aldridge ce ta faɗa ba, ita bakinta gum. Amma garin nan nawa yake? Masu ba da kundi sun daina ganinka, rahotanninka kuwa ba su daina fitowa ba. Sannan aka zo duba ka, sai ga shi ka fita. Wa zai kasa haɗawa?"

Ya tuna duk ranakun da ya zauna a mashaya yana buga teburi yana zagin ƙungiya, abokan sana'a suna gyaɗa kai, wani har ya saya masa wani kofin. Ashe ba yarda suke yi ba. Tausayinsa suke ji. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Yvonne ta ce, "Na yi faɗa da mutane a kanka. Kullum ina cewa zai gyara, ku ba shi lokaci." Ta share ido. "Gidan Bryony ni zan yi shi da kaina, gobe da safe zan je, ba za a makara ba. Amma sunana za ta gani a kai. Gara ta ji daga bakinka."

Ya miƙe, ya manta da sandarsa, sai da ta biyo shi da ita har bakin titi.

Ranar Asabar dillali ya ba Bryony izinin shiga gidan ta auna tagogi don labule. Can Desmond ya same ta ita kaɗai, a kan kujera, tef a hannu, fensir a baki. Ɗakin wayam, murya na amsa kuwwa.

Ta ce, "Yauwa Baba, kama mini nan."

Ya kama bakin tef ɗin. Yana riƙe da shi, idonsa a bango, ya gaya mata komai. Bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba. Ya faɗi gwiwar, sannan ya ce gwiwar ba hujja ba ce.

Ta sauko daga kujerar. Ya zaci za ta yi maganar nata gidan, ko ta ce ya kunyata ta gaban lauya. Sai ta ce, "Mutanen da suka sayi gidajen, sun sani?"

"A'a."

"Har yau?"

Ya girgiza kai.

Sai fuskarta ta canza. "Baba, gidan Carol. Ni na ce mata ta zo wurinka. Na ce mata in babana ya sa hannu ta kwanta ta yi barci. Ka je?"

Carol ƙawarta ce tun suna 'yan aji ɗaya a firamare, yarinyar da ta ci abinci a gidansu ba adadi. Desmond ya ce bai je ba.

Bryony ta naɗe tef ɗin a hankali. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni ba zan gaya mata ba. Kai za ka gaya mata." Ta fita ta bar shi a ɗakin.

Glenys, da ya faɗa mata da yamma, ba ta yi mamakin da ya zata ba. Ta ce, "Na san akwai wani abu. Mutumin da nake kai takalmansa gyara duk bayan 'yan watanni, sai ga dunduniya ta daina cinyewa. Na ce ko wata ce ka samu a garin nan take ɗaukarka a mota." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta tsaya a hanya. "Da ka gaya mini, Des. Me ka mayar da ni?"

Abin da ya guje wa tun farko shi ya dawo ya yi, ba tare da kowa ya sa shi ba. Ya bi lauyoyin ɗaya bayan ɗaya. Wani ya saurare shi a tsaye, wani ya ce sakatare ta raka shi ƙofa. Ya sake binciken gidajen duka, yana dogara sanda yana bin layi, Yvonne kuma tana bin sawu tana tabbatarwa. Yawancinsu lafiya lau suka fito, yadda ya zata tun farko. Hakan bai sanyaya masa rai ba.

Na Carol ne bai fito lafiya ba. Wanda ya sayar wa ita da mijinta ya ƙara ɗakin girki a baya ba da izini ba, hukuma kuwa ta riga ta ba da umarnin a rushe tun kafin a sa gidan a kasuwa. Abin yana nan a rubuce ɓaro-ɓaro. Duk wanda ya buɗe kundin zai gani.

Ya je ya ƙwanƙwasa. Carol ta buɗe da fara'a tana cewa, "Kai, Baban Bryony! Shigo, yanzu na ɗora ruwa." A ɗakin girkin nan ta zaunar da shi, wanda suka yi wa fenti ruwan ɗorawa da hannunsu, a nan kuma ya gaya mata. Mijinta Gareth yana tsaye a bakin ƙofa.

Gareth ya ce, "Wato ba ka je ba."

"Ban je ba."

"Ka dai sa hannu."

"Na sa."

"Tashi ka fita mini daga gida. Abin da ya rage na gidan."

An yi ta kai da komo da hukuma, amma ba a samu mafita ba. Inshorar Desmond ta ɗauki nauyin asarar bayan jan rai mai tsawo, ɗakin girki kuwa sai da ya sauka. Ranar da aka fara rushewa ya zo da tsofaffin kaya da safar hannu, ba wanda ya gayyace shi. Ya kama baro ya shiga kwashe bulo yana ɗingishi. Gareth ya kalle shi, bai kore shi ba, bai kuma ce masa uffan ba. In an kawo wa masu rushewar shayi, a zagaye shi. Haka ya yi ta zuwa har aka share wurin. Maƙwabta suna leƙe ta taga, wasunsu shi ya yi wa gidajensu bincike a zamanin da yake zuwa. Bai ɗaga kai ya gaishe da kowa ba.

A ƙarshen shekarar ya rufe ofis ya miƙa wa mai aski mabuɗi. Yvonne ta ce ya sake neman shiga ƙungiya, ita za ta tsaya masa. Ya ce a'a, ya isa haka.

Bryony ta tare a gidanta da bazara, ta kira walima. Gida ya cika, an buɗe ƙofar baya, ana gasa nama a tsakar gida. Ta rungume shi da ya iso, ta karɓi kwat ɗinsa, ta nemo masa kujera mai laushi saboda gwiwa. Tsakaninsu ya gyaru, ko da yake ba kamar da ba. Yanzu in ya faɗi abu takan ɗan dube shi kafin ta amsa. Ya zauna yana bin fuskokin baƙi. Ƙawayenta na makaranta duk sun zo, ban da Carol. Ba wanda ya ambaci sunanta, Bryony kuwa duk sanda aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ta waiga da sauri.

Desmond ya kasa zama. Ya lallaɓa ya shiga ɗakin girki, ya naɗe hannun riga, ya kama wanke kwanuka. Glenys ta leƙo ta ce ya bari mana, ana nemansa a waje za a ɗauki hoto. Ya ce su ɗauka, yana zuwa. Yana nan gaban famfo har baƙi suka fara sallama.